Turken Hukuma da Akuyar Uwargida

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, mu da akuya.

Tun da muka dawo daga ƙasar Adar, can cikin Nijar, ban sake shan shayi da zafinsa ba. Da na zauna a bencin mai shayi sai wani ya matso: "Baba Tunau, wai ƙaƙa Faransa?" Faransa, a bakinmu, Nijar ke nan. In fara labari, in kai tsakiya, wani ya iso ya ce a koma farko. Ga kuma Alhaji Mamman mai albasa, abokin tafiyata, yana yawo da nasa labarin a kasuwa, wanda a cikinsa shi ne jarumi, ni kuwa ina biye da shi riƙe da takalmansa. Shi ya sa na ce bari in rubuta, tunda na yi elementare har aji biyu kafin mahaifina ya gano cewa jakinmu ya fi malamin makaranta bukatata. Na rubuta da Hausar rediyo don Kanawa su samu shiga, amma maganar mutane na bar ta kusan yadda ta fito daga baki. Wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa.

Asalin tafiyar nan turke ne.

Babu wanda zan tuna wa farin da muka gani a Illela 'yan shekarun nan. Rijiyoyi sun nutse, shanu sun kwanta ba su tashi ba. Ko da ruwa ya dawo, bai dawo da halinsa na da ba. Sai ya yi yayyafi ka shuka, gero ya fito kamar kunnen ɓera, sai iska ta taso ta binne shi da rairayi. Ka sake shuka, ta sake binnewa, har iri ya ƙare kana kallon sama. Ganin haka Ƙaramar Hukuma ta kafa kwamitin fari da kwararowar hamada, ya tsara abubuwa masu kyau: a yashe rijiyoyi, a gina rumbun gari, a kawo gero mai saurin nuna. Duk na ce madalla. Sai na ƙarshe, wai a dasa dogon yaro layi-layi ya tare iska, daga wajen Araba ya miƙe har inda Allah ya tsayar da shi.

Wata safiya na je gonata na tarar da turke a tsakiyarta, an shafa masa jan fenti. Gonar gado ce. Kakana ya sare daji ya yi ta, yanzu a ce jikansa ya mayar da ita daji. Mu kuwa a nan abu ɗaya muka sani tun zamanin Turawa: inda hukuma ta dasa itace, ƙasar ta tafi. Ka karya asuwaki a gonar ubanka, ka kwana kana bayani. Ba ni da wata gonar, ba ni kuma da shekarun da zan nemi wata.

Sai na kama magana. Na yi a ƙofar masallaci, na yi a wurin suna, na yi a zaman makoki har masu gawa suka manta da gawarsu. Labari ya kai kunnen Kantoma. Shi kuwa mutum ne mai wayo, maimakon ya sa a kulle ni sai ya sa ni cikin kwamitin. Ya ce tunda an buɗe iyaka, a tura mutum uku Nijar, can cikin wani kwari inda aka daɗe da yin irin wannan shuka, su gani da idonsu: Malam Shehu malamin daji, yaron kirki mai takardu a hammata, da Alhaji Mamman a madadin 'yan kasuwa, da ni a madadin masu surutu. Na karɓa da niyya ɗaya, in je in tattaro aibin itacen nan in dawo in zube shi gaban Kantoma, a cire mini turke.

Ana gobe tafiya Alhaji ya ce, "Ba a zuwa ma sarki hannu rabbana. Mi za mu kai?"

Malam Shehu ya duba takardarsa ya ce babu wannan a cikin tsari. Alhaji ya ce zai ba da buhun albasa.

Na ce, "Alhaji, ta Galmi za mu bi, gidan albasa. Ka kai musu albasa su ɗauka gori ne."

"To kai mi gare ka, in ba baki ba?"

Nan na yi kurin da ya jawo komai. Na ce gidana akwai jar akuya irin ta Sakkwato, wadda Faransa duk ba ta da irinta.

Kowa ya sani, awakin gida na mata ne. Na shiga wurin uwargida ina shirya lafazi, ban kai rabin magana ba ta ce, "Malam, ɗauki Ba-Sallama."

Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa roƙon ko allura ta ba ni ba tare da wa'azi ba. Wannan saurin ya kamata ya ba ni tsoro. Ba-Sallama kuwa sunan da unguwa ta sa wa akuyar ke nan, don babu gidan da ba ta shiga ba, babu shanyar da ba ta ɗanɗana ba. Amma a ido, kai ka ce amarya.

Da hantsi muka hau Landurobar hukuma. Alhaji ya shige gaba kusa da Ila direba, wai saboda gwiwa, mu dai mun san saboda tumbi ne. Ni da Malam Shehu da akuya muka raba baya, ita ta ɗauki kaso mafi tsoka.

Mutanenmu na bakin iyaka ba su tsayar da mu ba, dariya kawai suka yi. A ɓangaren Nijar ne muka gamu da wani jandarma dogo, hula a karkace, wando kamar an zana masa shi a jiki. Ya duba takardunmu, ya leƙa baya, suka haɗa ido da Ba-Sallama. A lokacin garken shanu da tumaki ne ke ta wucewa ta gefenmu, duk sun nufi kasuwar Illela.

Ya ce, "Tsoho, ina za ka da wagga?"

"Gaisuwa za mu kai, ranka shi daɗe."

"Tun da anka kawo ni nan, dabba kudu taka yi. Wagga ita kaɗai ta nuhi arewa. Ko ta ji labarin wata ciyawa da mu ba mu ji ba?"

Ya shiga ɗakinsa neman dokar akuya mai zuwa arewa. Yana cikin nema rana ta take tsaka. Ya dubi agogo, ya rufe taga, ya fito da tabarma ya shimfiɗa a inuwa. Nan na ga bambancin farko tsakaninmu da su. Mu ma ma'aikacinmu yana barci a bakin aiki, amma a ɓoye, da kunya, kai bisa tebur. Su kuwa an sa musu shi cikin doka, har da matashi. Ƙasa guda ta kwanta, ba mai tashin wani.

Muka zauna jira. Alhaji ya sayo burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi, kuma da taurinta. Ya gatsa, burodin bai ji komai ba, haƙorin Alhaji ne ya ji. Mai sayarwa ta ce sai an jiƙa shi a kofi. Na ce to mu a garinmu abin da ake jiƙawa kafin a ci garin rogo ne, kuma ba ya fahari. Ba-Sallama ce kaɗai ta cinye nata ba ƙorafi.

Wajen la'asar jandarma ya tashi, ya wanke fuska, ya ɗaga mana hannu. "Ku wuce. Babu doka bisa kanta. In ta dawo ta gaishe ni." Muka yi dariya, don mun san ba za ta dawo ba.

Daga Ƙonni, garinsu na bakin iyaka, kwalta ce sumul kamar faranti, har na fara jin haushinsu. Da muka bar ta muka yi arewa sai hankalina ya kwanta, hanya ta zama haƙarƙarin tsohon jaki irin wadda muka saba. Malam Shehu ya buɗe taswira yana nuna mini yadda hamada ke gangarowa. Yana bayanin kudu, Ba-Sallama ta cinye arewa. Na ce masa ya yi haƙuri, ita ce ta farko da ta taɓa cin hamada, kullum hamada ke cin mu.

Ƙauyen da muka sauka ba zan faɗi sunansa ba, kada wani ya je ya tambayi abin da muka yi. Mun isa gab da magariba. Gaskiya na ga itace, layi bayan layi ya ratsa gonaki, wasu sun fi soro tsawo. Na kawar da kai, don ba yabo na zo yi ba.

Maigari tsoho ne siriri, mai magana a hankali kamar yana auna ta da mudu. Aka shimfiɗa mana tabarmi a ƙofar gidansa. Alhaji ya miƙe riƙe da igiyar akuya, ya yi jawabin da ya taɓo jihadin Shehu ya taɓo zumunci ya taɓo farashin taki, sannan ya ce ga 'yar gaisuwa. Maigari ya ce, "Mun gode, Allah shi saka da alheri." Alhaji ya ɗaga ƙafa zai miƙa igiya ke nan sai ladan ya kira salla. Magariba ba ta jira. Alhaji ya ɗaure akuya a ƙarfen bayan mota da igiyar bakin buhu, kowa ya nemi buta. Ku riƙe wannan wurin, don a kansa aka yi shari'a.

Bayan salla aka kawo fura. Mu ma muna shan fura, amma mu abin rana ce. Su ita ce tuwo, ita ce miya, ita ce gaisuwa. Ƙwarya guda kamar kwale-kwale, ludayi guda yana zagayawa, in ka ce ka ƙoshi a ce ba ka son mutane. Sai cuku, wato nonon da suke busarwa har ya zama kamar fatar takalmi, ka sa a baki da isha'i ka same shi da asuba yana nan yadda ka bar shi. Sai shayi irin na Buzaye a ɗan kofi kamar na awon turare, zagaye uku, ba a tashi sai an gama. Na farko ya kusa tsayar mini da zuciya. Aka ba mu ɗakin baƙi mai tsabta da gadon kara. Alhaji ya yi minsharin da ya sa karnukan gari suka yi shiru suna saurare. Ba wanda ya tuna da akuya.

Da safe muna zaune da Maigari ana shirin kai mu kallon shuka, sai ga mai gadin itace a kan jaki, yana jan Ba-Sallama. Cikinta ya yi tulu, bakinta kore shar. Ta tsinke igiya, ta bar ciyawar gari duka, ta nufi sabon layin da aka dasa daminar da ta wuce, ta bi shi tana aske kan 'yan itatuwan ɗaya bayan ɗaya. Dogon yaro da ɗacinsa. Mai gadi ya ce shi dai bai taɓa ganin dabba mai tsari irin wannan ba, ko ɗaya ba ta tsallake ba.

Maigari ya ce, "Dokar garinga, dabbar da duk ta ci itace, mai ita shi ka ɗaukar laihi. To, akuyar wa ta?"

Alhaji bai ko numfasa ba. "Taka ce, ranka shi daɗe. Jiya munka ba ka, ka yi godiya gaban jama'a."

"Na yi godiya. Igiya ta zo hannuna?"

"Ai kiran salla anka yi."

"To ladan za mu kama?"

Alhaji ya juyo kaina. "In ba ta Maigari ba ce, ta Tunau ce. Daga gidansa ta hito."

Na ce, "Ni ko ƙahonta ba ni da. Ta uwargida ce, ita kuwa ta ba hukuma."

Malam Shehu ya ce hukuma ba ta san da akuya ba, babu ita a cikin tsari, ya ɗauko takarda zai nuna, rabinta na cikin akuyar.

Aka kira Liman. Ya saurari kowa, ya shafa gemu, ya ce kyauta tana ɗauruwa da magana, amma ba ta cika sai an karɓa da hannu. Saboda haka akuyar nan ta bar hannun masu bayarwa, ba ta isa hannun mai karɓa ba. Na ce ashe tun jiya marainiya ce, shi ya sa ta nemi abinci da kanta. Ba wanda ya yi dariya sai Ila direba, shi ma da ya ga fuskar Alhaji ya mayar da ita tari.

A raina kuwa murna nake. Ga abin da na zo nema ya kawo kansa. Yanzu za a kira jandarma, a ɗaure mu saboda ganye, in koma in gaya wa Kantoma abin da itacen hukuma ke jawo wa talaka. Har na miƙa hannuwana na ce, "Ranka shi daɗe, kada a wahal da kai. A aika ma kumandan, mu ga iyakar abin."

Maigari ya dube ni. "Mi ya gama kumandan da itacen Inna Ige?"

"Ba na gwamnati ba ne?"

"Gwamnati ta kawo iri, mu munka dasa. Gonar Inna Ige ce, itacenta ne. Ni kaina ba ni da ta cewa. Ku tashi mu tai mu ba ta haƙuri, in ta karɓa."

Muka tashi, Maigari a gaba, Liman, mu uku, mai gadi da akuya, rabin gari a baya. Muka tarar da ita a gonar, tsohuwa 'yar ƙarama, mijinta ya daɗe da rasuwa, tana bin itatuwan tana taɓa kan kowanne kamar mai duba jikoki masu ƙyanda. Maigari ya durƙusa. Da na ga mai rawani ya durƙusa, ni ma gwiwata ta tuna hanya.

Aka mayar mata da yadda aka yi, har da fatawar Liman. Ta ce, "Ni ban yi karatu ba. Wa ya kawo ta?"

Aka nuna mu.

"Wa anka kawo ma ita?"

Maigari ya ɗaga hannu.

"Wa ya ɗaure ta da zaren buhu?"

Alhaji ya dubi ƙasa.

"To duk naku ne. Ba su mutu ba, kai ta aske musu. In sun sha ruwa anka kewaye su da ƙaya, za su tohu. Ga rijiya can, ga ƙaya can. Ba ni son sefa, ba ni son naira, ba ni son haƙuri."

Malam Shehu ya ce, cikin ladabi, mu baƙin gwamnati ne, kuma akwai tsarin ziyara.

Ta ce, "Ɗana, ba itace kunka zo gani ba? Ga shi za ku gani kusa."

Ranar nan Maigari da kansa ya naɗe hannun riga ya kama guga. Malam Shehu ya tafi saran ƙaya, ya dawo kamar ya yi kokawa da bushiya. Ni da Alhaji aka ba mu garwa. Duk wanda Alhaji ya gaya wa cewa bibbiyu yake ɗauka, ya tambaye shi wa aka yi wa fifita da faifai a gindin rijiya.

Da rana ta yi zafi na zube a inuwar tsohon layi, inda itatuwan suka girma. Inna Ige ta miƙo mini fura, don ko mai laifi ba a hana shi fura a ƙasar nan. Na ce bari in yi aikin da ya kawo ni.

"Inna, tsakaninki da Allah, itacen nan ba shi da aibi?"

"Shina da. Geron da ke gindinsa ba ya yin kirki. Tsuntsaye kuma sun samu masauki, sai ka yi ta kora."

Na ce madalla, na ƙulle wannan a bakin zani.

Ta ce, "Amma na tsakiya ba ya binnuwa. Da sai in shuka in sake. Yanzu in na shuka, na shuka."

"Gonar fa? Ba su karɓe ba?"

Ta yi dariya, haƙori biyu. "Kai ma irin mijina ne. Da anka fara dasawa, shi da abokansa sunka riƙa bi suna ɗaga 'yan itacen kaɗan, saiwa ta tsinke, su bar su tsaye. Masu daji su zo su ce ƙasa ce ba ta karɓa ba. Sai da anka tara mutane ranar kasuwa, Maigari da manyan daji sunka faɗa da baki, kowa na ji: itace bin gona yaka yi, awa ɗan akuya da uwa tai. Daga ranan ƙasa ta fara karɓa."

Ta nuna mini rumfar da ke ƙofar bukkarta. "Azarar can daga wanga icce na sare ta. Sai dai in lokacin sara ya yi, gari ka faɗi, kowa shi sare nashi, kada a mayar da wurin fili. Amma ba wanda na roƙa."

Na daɗe ina kallon azarar nan. Ni da na zo tattara aibi, na samu guda biyu, inuwa da tsuntsu, kuma ko a gaban Kantoma na san ba za su cire turke ba. Abin da na samu wanda ban zo nema ba shi ne bayan Maigari, jiƙe da gumi, yana ja wa talakarsa ruwa.

Washegari muka yi sallama. Muka bar Ba-Sallama ɗaure a ƙofar Maigari, da igiyar rijiya wannan karon, muna sauri mu shiga mota. Maigari ya ce a dakata. Mayar da kyauta cin fuska ne, shi kuwa ba ya cin fuskar baƙo. Ya sa Alhaji ya kwance igiya ya sa masa a hannu. Ya ce, "Liman, ta cika?"

"Ta cika."

"To, akuyata ce. Malam Tunau, matso. Kai ne babba cikin baƙina, kuma ka sha rana. Ga tukuicinka."

Ya sa mini igiya a tafin hannu, ya naɗe yatsuna a kanta da nasa hannun. Gari duka na kallo. Me zan ce? Na ce na gode.

"Liman?"

"Ta cika sarai."

A iyaka muka tarar da jandarman nan, ido biyu. Ya leƙa baya ya ce, "Hajiya, an dawo? Ciyawar ba ta yi ba?" Ya sara mata, ya ɗaga mana sanda.

Mutanenmu ne suka tsayar da mu. Wani sabon ma'aikaci ya ce dabbar da ta fito daga Nijar baƙuwa ce, sai malamin dabbobi ya duba ta. Na ce haifaffiyar Illela ce, uwarta da kakarta duk 'yan unguwarmu. Ya ce ina shaida. Ina cikin rantsuwa akuyar ta zura kai ta taga ta kai baki cikin tiren wata mai gyaɗa. Matar ta juyo, ta dafe ƙirji ta ce, "Ba-Sallama? Ba cewa anka yi an kai ki Faransa ba? Mun shiga uku." Ma'aikacin ya ce wannan ta fi fasfo, mu wuce.

Ranar da kwamiti ya zauna, Malam Shehu ya yi bayanin tazarar layi da zurfin rami. Alhaji ya yi bayanin gwiwarsa. Kantoma ya ce, "Baba Tunau, an ce kai ka fi kowa ganin itacen kusa. A cire turke?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, a bar turke. Amma da sharaɗi. A faɗa ranar kasuwa, da bakin mai shela, gaban Hakimi, cewa itace na mai gona ne, gona kuma tana nan ga mai ita. Kuma dabbar da duk ta ci, mai ita shi ɗauki garwa, ko da rawani bisa kansa."

Ya ce zai rubuto mini a takarda. Na ce takarda na ga yadda akuya ke yi da ita, ni kunnen mutane nake so. Ya ce wannan ta fi ƙarfinsa, sai ya kai Sakkwato. Aka yi makonni shiru. Kullum in je gona in zauna kusa da turke muna kallon juna, ina tunanin ko na sayar da gadon ubana da bakina. Hadari ya fara haɗuwa, aka fara sauke 'yan itatuwa a bakin hanya, ba labari. Na gaya wa Malam Shehu, in aka dasa ba a yi shela ba, to na koyo wata dabara a Adar, kuma ƙasata ba za ta karɓa ba. Sai wata ranar kasuwa ina cinikin goro na ji ganga. Mai shela ya faɗa, ya maimaita a kasuwar shanu, ya maimaita a 'yan hatsi. Na bi shi duk inda ya tsaya, don kada ya rage ko kalma.

Aka dasa da damina. Layi ya ratsa gonata, na kewaye kowane da ƙaya, nakan gaishe su da safe. Mutanen ƙauyen Garu ma suka zo kallo.

Da rani ya yi aka saki dabbobi, wata safiya na tarar an aske mini rabin layi, a jere, ba tsallake. Ban tambayi kowa ba, na san hannun. Na dawo gida na sa babbar riga, na zauna a kan turmi, na sa aka kira uwargida. Na karanta mata doka kamar yadda mai shela ya faɗa, na nuna mata garwa.

Ta saurara har na gama. Ta ce, "Malam, akuyar wa?"

"Taki mana."

"Tawa na ba hukuma. Wagga kuwa Alhaji ya gaya wa kasuwa duka, wani sarki ya sa maka igiyarta a hannu, ka yi godiya, Liman ya ce ta cika. Ko ba a yi haka ba?"

Na gyara zama a kan turmi, ta ci gaba.

"Gona taka, itace naka, akuya taka. Kai ne mai ƙara, kai ne mai laihi. In ka gama shari'ar ka biyo mini da ruwan girki, tunda rijiya za ka."

Saboda haka masu tambayar dalilin da ya sa kuke ganina da garwa kowace safiya a hanyar Araba, ga amsa. Hukunci nake yi, kuma alƙalin ba shi da sassauci. Ranar farko na tsaya a inda turken yake, na cire shi da hannuna, ba wanda ya ce mini don me. Yanzu yana tsakar gida, a jikinsa nake ɗaure ta.